Dogaye Bakwai Cikin Guntaye

A gaban masu saye uku Umma ta jefo min shukar a ƙafa.

Da saiwarta aka tumɓuko ta. Ƙasar ta watsu a kan takalmina, ta ɓata min bakin siket.

"Ɗauki abinki," ta ce. "Wata bakwai ana ba wannan abu ruwa safe da yamma. Ko fure ɗaya. Ganyen ma ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara."

Na sunkuya na ɗauka. Ba don ladabi ba, don saiwar tana shan rana.

Umma ita ce mahaifiyar Dogo. Dogo kuwa shi ne mai kantin magani na bakin titinmu, mutumin da na shekara biyu ina so, wanda ya yi min alkawarin shekarar nan ba za ta fita bai aure ni ba. Yana tsaye a bayanta, makullin mota a hannu, ido a ƙasa. A gefensa ga 'yar ƙanin Umma, wadda nake kira 'Yar Gayu a zuciyata, ta toshe hanci da bakin mayafi saboda warin taki. Kowa ya san ita Umma take so ɗanta ya aura.

Ni na dasa shukar. Gajeriyar ikzora ce, irin wadda ba ta wuce gwiwa, mai jan fure cunkus kamar an ɗaure tsinken ashana dami-dami. A lambun renon furanni da nake aiki Guntuwa muke ce mata. Guda talatin na rena da hannuna, na kai gidansu na jera a gefen hanyar shiga, kyauta, don in gaida uwar miji da abin da na iya.

"Umma, Guntuwa ce ta gaskiya," na ce. "In ba ta yi fure ba, akwai abin da ake yi mata."

"Au, mu muka hana ta ke nan?"

'Yar Gayu ta yi 'yar dariya. "Gwaggo, ai na gaya miki. Na nuna wa waɗanda suka sani hotonta, sun ce ciyawar bakin hanya ce. Wadda za ta yi ƙarya a kan ganye, ban san me za ta faɗa a kan sauran abubuwa ba."

Jinina ya hau.

"Shekara huɗu na yi ina karatun shuke-shuke. Idona ba ya kuskure. Talatin na kawo, kuma talatin ɗin nan duk Guntuwa ce. Na rantse."

A lokacin ne Dogo ya ɗago kai.

"Malamata..." ya ce a hankali. "Kin tabbata dai ba a samu kuskure wajen ɗauka ba?"

Da Umma ta mare ni, da ya fi min sauƙi.

Ban ko kalle shi ba. Na juya ga mahaifiyarsa.

"Ki ba ni sati takwas, Umma. Kar kowa ya taɓa su sai ni."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Na ba ki. In sati takwas ya cika babu fure, ki fita hanyar ɗana. Ba zan haɗa zuri'a da maƙaryaciya ba."

"Na yarda."

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Baba yana zaune a rumfar aikinsa yana goge ƙafar kujera da samfefa, bai ɗago ba.

"Yanzu ke, da takardarki, za ki je kina durƙuso a tsakar gidan mutanen da suka kira ki maƙaryaciya?"

"Ba don su zan je ba, Baba. Don sunana."

"Sunanki yana nan lafiya a gidan ubanki." Ya hure garin katakon. "Taurin kan nan naki ban san inda kika samo shi ba."

"An ce a rumfar kafinta aka tsince shi."

Ya so ya yi dariya, ya danne.

Washegari da sassafe ina ƙofar gidansu da bokiti da ƙaramin shebur. Na mayar da wadda aka tumɓuke raminta, sannan na durƙusa na bi layin ɗaya bayan ɗaya.

Ban yi minti goma ba na gane ciwon.

Ganyen ya yi rawaya, amma jijiyoyinsa kore shar. Guntuwa ba ta yin haka sai in ƙasa ta fi ƙarfinta. Na ɗebi ƙasar na shinshina. Sabulu. Na tona kaɗan, ga toka. Ashe duk ruwan wankin gidan nan ake juyewa, wai kar a yi asarar ruwa, a bi da toka wai taki ne. Ita kuwa Guntuwa ƙasa mai ɗan tsami take so, sabulu da toka guba ne a wajenta.

Sai kuma kawunan. An aske su sumul, sun yi daidai kamar tebur.

Guntuwa a ƙarshen reshe take fure. Duk wanda ya aske mata kai ya aske fure tun bai fito ba.

Umma tana zaune a bakin taga da kofin shayinta.

"Umma, wa yake aske su?"

"'Yar ƙanina, duk Asabar. Ita ta san tsari. Da ba don ita ba da sun zama daji."

Na haɗiye abin da ya zo min baki.

"Daga yau a daina. Ruwan wanki ma a kai shi wani wuri."

"Ka ji ta," Umma ta ce wa kofinta. "Ba ta shigo ba ta fara kafa doka."

Haka na fara.

Kullum kafin in tafi aiki. Na kwashe ƙasar sama mai toka, na zuba ruɓaɓɓen ganye. Na sassauta gindin kowacce da yatsa don kar in ji wa saiwa ciwo. Ruwa daidai yadda ƙasa za ta jiƙa, ba ta yi taɓo ba. Ba wanda ya taɓa ce min sannu. Baƙi in sun zo su tsallake ƙafata su wuce. Wata rana na ji wata ƙawar Umma tana tambaya, "Sabuwar 'yar aiki kuka yi?" Umma ta ce, "Mai fure ce." Daga nan sunan ya bi ni.

Ban yi kuka a gidan ba ko sau ɗaya. A hanya nake yi, in share kafin in kai lambu.

Dogo kuwa na rufe masa ƙofa. Ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo saƙo, ban buɗe ba. In ya fito zai tafi kanti ya tsaya a kaina, sai in ƙara sunkuyar da kai.

A sati na biyu na tarar da jarka biyu a bakin layin, da wata leda mai ɗiga.

"Ruwan sama ne," ya ce daga bayana. "Na tara daga rufin kanti. Wancan kuma ganyen shayi ne da aka gama dafawa. Na karanta an ce tana so."

"Yallaɓai ya zama masani."

"Malamata, da farar rigar aiki na je ina roƙon mai shayi dattin tukunyarsa. Har yanzu dariya yake min. Ko don wannan ki kalle ni."

"Ka tambaye ni ko na tabbata."

"Tambaya ce kawai..."

"A gabanta ka yi. A gabansu."

Na ɗauki jarkar, don Guntuwa ba ta yi min laifi ba. Amma ban gode masa ba.

Kullum sai na tarar da jarka biyu.

A sati na huɗu sabon toho ya fito, kore mai sheƙi. Ranar Asabar ba na zuwa sai da hantsi, amma ran nan wani abu ya tashe ni da wuri. Ina shiga na ji ƙarar almakashi.

'Yar Gayu ce, ta gama da biyu tana kan ta uku.

Ban san sanda na riƙe hannunta ba.

"Sake ni, ke Mai fure. Gyara nake yi."

"Kin san abin da kike yankewa."

"Ni na san me? Ni ban yi shekara huɗu ina karatun ciyawa ba." Ta matso da bakinta kusa da kunnena. "Ki yi ta tonon ƙasa. Ko sun yi furen zinariya, Gwaggo ba za ta kai mai baƙin farce ɗakin ɗanta ba."

Na karɓe almakashin na ajiye a kan tagar Umma. Umma ta dubi almakashin, ta dubi 'yar ƙaninta, ta dube ni.

"An ce kar a taɓa," ta ce a taƙaice. "Ki bari wa'adinta ya cika, kar ta samu abin faɗa."

Na koma gida ranar ina jin kaina a sama.

A sati na biyar ne ƙasa ta tsage a ƙarƙashina.

Da aka daina aski, kowace shuka ta fara nuna halinta. Guntuwa a dunƙule take girma, ganyenta bai fi gaɓar yatsa ba, gaɓoɓinta a matse kamar ƙwayar carbi. Amma a tsakiyar layin na ga wata ta miƙo reshe ya wuce 'yan uwanta da taƙi guda. Ganyenta ya kusa tsawon yatsana. Tsakanin gaɓa da gaɓa sarari.

Na ce a raina inuwa ce ta sa ta miƙewa.

Na ci gaba. Ga wata. Ga wata kuma.

Bakwai.

Doguwar ikzora ce, irin wadda take wuce kan mutum. Tana ƙarama ba ta da maraba da Guntuwa sai ga mai lura sosai. Na zauna daɓas a ƙasa, na tuna ranar da na yanki rassan na dasa. Tire biyu ne a jere, ruwan sama ya wanke rubutun da ke jiki. Dattijo, mai lambun da nake wa aiki, ya ce in bari su ƙara wata guda a tantance. Na ce masa ba sai an jira ba, idona ya isa.

Almakashin 'Yar Gayu ne ya rufa min asiri wata bakwai ban sani ba.

Kuma tambayar da Dogo ya yi, wadda na yi sati biyar ina hukunta shi a kanta, tana kan hanya.

Na gaya wa Dattijo a bayan rumfar renon tsirrai, murya ƙasa-ƙasa. Ya saurare ni yana cika leda da ƙasa.

"Bakwai ne kawai?"

"Bakwai."

"To ai abu mai sauƙi. Ga Guntuwa can a layin ƙarshe, girmansu ɗaya, har sun ɗauki kan fure. Ba kin ce ranar Alhamis tsohuwar take zuwa ganin likita ba? Awa ɗaya ta ishe ki. Ki cire, ki sa, ki baza busasshen ganye a gindi. Ko ni ba zan gane ba."

"Na rantse mata, Dattijo."

"Shi ya sa. 'Yata, mace irin wannan ba ta san kuskure ba, ƙarya kawai ta sani. Kar ki kashe aurenki a kan ganye bakwai."

Kwana uku ban ci abincin kirki ba.

Ranar Alhamis na ɗora leda bakwai a motar lambu. Na tarar da gidan shiru, motar Dogo ba ta nan, ya kai Umma asibiti. Na sauke ledojin, na jera kowacce a gaban wadda za ta maye. Na kafa shebur a gindin ta farko, na ɗora ƙafa.

Ƙafar ta ƙi dannawa.

Na dubi tagar, babu kowa. Na sake ɗora ƙafa. Sai na ga kaina bayan shekara biyar, ina wucewa ta wannan hanya da goyo, Umma tana nuna wa baƙi layin tana cewa surukata ba ta ƙarya.

Na zare shebur ɗin na jingine. Na zauna a kan jarkar ruwa, na jira.

Sai wajen azahar suka dawo, su uku, har da 'Yar Gayu riƙe da jakar Umma.

"Wannan kuma fa?" Umma ta nuna ledojin.

Na miƙe.

"Umma, na zo da magana. Cikin talatin ɗin nan, bakwai ba Guntuwa ba ce. Doguwa ce. Ni na haɗa su tun a lambu, an ce in jira in tantance, na ƙi. Waɗannan na kawo ne in canza kafin ki dawo... sai na fasa."

'Yar Gayu ta tafa hannu. "Gwaggo, me na ce miki? Da bakinta."

Umma ba ta kula ta ba. Ni take kallo.

"Kin rantse. A gaban mutane kika rantse."

"Na rantse."

"Kin ce idonki ba ya kuskure."

"Ya yi."

Dogo ya matso. "Umma, don Allah ki duba, ai da ta so..."

"Rufe min baki." Ta gyara mayafinta. "Ke kuma kwashi kayanki. Kar in ƙara ganin ƙafarki a gidan nan."

Na kwashe ledojin ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya kai hannu zai taya ni, na ce ya bari. Da na zo ɗaukar ta ƙarshe na tsaya a gabansa.

"Tambayarka tana kan hanya," na ce. "Ka yafe min."

Idonsa ya yi ja. "Ni ma da na bari sai mun keɓe. Malamata, ba zan iya..."

"Ka riƙa ba su ruwa da safe. Kar ka cika."

Na tafi.

Baba bai ce ai na gaya miki ba. Da ya ga idona, ya tura min kujerar da ya gama, ya ce in zauna in gwada masa ko tana rawa. Na zauna a kanta na yi kukan sati shida, shi kuma yana ta buga ƙusa don kar maƙwabta su ji.

Na koma aiki. Na bi duk tiren da ke lambun na sake rubuta suna da fenti. Dattijo yana kallona yana girgiza kai.

Kwana goma sha ɗaya babu kira, babu saƙo.

A na goma sha biyu ina cikin tankaɗe ƙasa na ga inuwa ta rufe ni. Dogo ne, ya rame, rigar aikinsa duk tabon laka.

"Umma tana kira."

"Ta ce kar ta ƙara ganin ƙafata."

"Ta ce in ba ki zo ba, ita za ta zo. Kin kuma san yadda zuwanta yake."

Tun daga bakin ƙofa na gan su.

Ja. Layin gaba ɗaya ya kama kamar an watsa garwashi, dami a kan dami, har ganyen ya ɓuya. Ukun da aka aske ne kawai ba su kai ba. Dogayen bakwai kuwa sun miƙe a tsakani, sun ɓata layin, su ma da nasu furen a ka.

Umma tana tsaye a ƙarshen hanya da butar ban ruwa a hannunta. Bakin zanenta a jiƙe.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a gajarce.

"Tashi. Tambaya zan miki." Ta ajiye butar. "Ranar nan, da kin canza su, zan gane?"

"A'a, Umma."

"Shi zai gane?"

"A'a."

"To me ya hana ki?"

"Ni zan sani. Kuma kullum ta gabansu zan riƙa wucewa."

"Ji ta. Har ta san ta nan za ta riƙa wucewa." Ta juya ga ɗanta. "Wannan yarinya girman kanta ya fi ƙofar gidan nan faɗi."

"Haka ne, Umma," in ji Dogo.

"Ba da kai nake ba."

Ta mayar da idonta kan furannin.

"Na tambayi 'yar ƙanina wa ta nuna wa hoton da aka ce ciyawa ce. Kwana uku tana neman suna. Na ce ta je gidan ubanta ta nemo, in ta samu ta dawo." Ta numfasa. "Ni ma na zuba musu ruwan wanki wata bakwai, ban zo na tsaya a gaban kowa na faɗa ba."

Hawaye ya cika min ido, na ƙi bari ya zubo.

"Waɗannan zaƙaƙuran," ta nuna dogayen, "ya za a yi da su? Ba na son a yar."

"Ba sai an yar ba, Umma. Wuri suke so. A mayar da su inda za su miƙe son ransu, inda rana take bugawa da safe. Amma a ba su taku biyu daga jikin siminti."

Ta ɗauki butarta, ta yi gaba, muka bi ta har bayan gida. Ta tsaya a gaban wani sashe mai sabon fenti da taga biyu.

"Nan ne sashen ɗana," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ki duba da kyau kafin ki haƙa. Ki dasa su inda ba za su tare miki haske ba."

Ta shige ciki ta bar mu.

Na tsaya kamar an dasa ni. Dogo ya ruga ya ɗauko shebur, ya dawo yana haki, ya kafa shi daidai ƙarƙashin taga.

"Nan, Malamata?"

Na share idona da bayan hannu, na ƙare wa wurin kallo.

"Matsa," na ce. "Ka ƙara taku biyu. Kuma ba haka ake riƙe shebur ba."